Sun cire min rabin zanen littafin Sufi wai maimaici ne

Shagon nan da kowa ke yabo wajen buga littattafan PDF da ɗaure su, gaskiya ta fannin takarda da bango ba ni da ta cewa. Takarda mai kauri, ɗinki suka yi ba gam kawai ba, in ka buɗe littafin sai ya kwanta. Kuɗinsu kuma kun sani ba sauƙi, na dai daure tunda mai kala nake so.

Abin da na kai musu hoton wani tsohon rubutun hannu ne na Suwarul Kawakib, littafin taurari na Abdurrahman Sufi, wanda ya rubuta wa sarki Adudud Daula wajen shekarar 964. Duk mai ɗan taɓa karatun falaki, wato ilimin taurari, ya san zanen nan shi ne ran littafin. Surorin taurari 48 ne, wato rukunan taurarin da ake zanawa da siffar mutum, dabba ko wani abu, da ya ɗauko daga Baɗlimus (Ptolemy), masanin taurari na zamanin da, kuma kowace sau biyu ake zana ta, ɗaya yadda za ka gan ta in ka ɗaga kai sama, ɗayar kuma yadda take a jikin ƙwallon da ake zana taurari a kai, ita wannan ta waje kake kallonta shi ya sa dama ke komawa hagu.

Ina buɗewa sai ga Kunama guda ɗaya, Zaki guda ɗaya, haka har ƙarshe. Na kira su, yaron shagon ya ce wai "Yallaɓai ai maimaici ne, mai sikanin sau biyu ya riƙa ɗauka, wani ma a juye ya fito, shi ne na cire maka kar ka biya kuɗin kala a banza." Wallahi har yana jiran in yi masa godiya! Kuma da ma ɓangare ɗaya ya bari duka da sauƙi, a'a, wanda ya fi masa kyau yake zaɓa, nan na sama can na ƙwallo, alhali a kan kowane zane an rubuta da Larabci wannan na sama ne wannan na ƙwallo ne, tambaya ɗaya da ta raba gardama.

Abin da ya fi ƙona min rai, littafin nan ya yi ɗaruruwan shekaru a hannun masu kwafa da alƙalami da tawada, wasu sun canza wa mutanen cikin zanen tufafi zuwa irin na zamaninsu, a littattafan falaki da yawa ma za ka ga an bar fili don mai zane kuma mai zanen bai taɓa zuwa ba, amma duk da haka tsarin biyu-biyun nan ya iso har gare mu, sai a gaban kwamfuta aka datse shi.

Mai shagon dai ya kyauta, ya ba da haƙuri ya ce a sake bugawa ba ko sisi. Har na huce, har na fara cewa mutane a je.

Ashe da saura. A bugu na biyu sun bi shafukan da wani abu na wanke hoto don takarda ta fito fari tas. Toh a kwafin nan taurarin cikin sura ja ne, na wajenta baƙi, girman ɗigo kuma shi ke nuna hasken tauraro, yanzu jan ya dushe ƙananan sun ɓace. Na garzaya wajen Mar'atul Musalsala, wato Andromeda, inda Sufi ya ambaci wani ɗan tabo kamar gajimare, ake yi masa ɗige-ɗige a bakin kifin da ake zanawa a jikin surar, wanda shi ne mafi daɗewar ambaton tarin taurarin Andromeda da aka sani a rubuce. Babu! Na'ura ta ɗauka datti ne ta share.

Na sake magana an ce min wai ai ya fi na asalin tsafta. A ma'aunin yabo tauraro biyu zan ba shagon, su ma don ɗinkin ne. In littafinka rubutu ne zalla kai musu, in da zane a ciki ka tsaya a kansu su buga maka shafi ɗaya ka gani tukuna. Cikon kuɗin ɗaurin yana hannuna har sai sun buga min shi yadda na kawo.