Kafin ka ja kujera ka zauna: inda mutanenmu na waje suke cin abinci da inda suke gudu

Abin yana ban mamaki wlh, mutum zai je Wapa ya zagaya 'yan canji uku huɗu yana ja-in-ja a kan 'yan nairori a kowace dala, sai ya tabbatar ba a cuce shi ba kafin ya miƙa kuɗinsa, amma yana sauka Makka ko Istanbul sai ya faɗa gidan abincin farko da ya gani da fitilu a ƙofa, abin da ya tsira da shi a Wapa ya zubar da ninkinsa a faranti ɗaya. Kuma mu Kanawa muna da wata kunya, an kawo bil ka ga kuɗin ya wuce hankali amma ba za ka iya tambaya ba don kar a ce Alhaji ba shi da shi.

'Yan uwanmu da suke zaune a can, ɗalibai ne ko 'yan kasuwa ko waɗanda aka haifa a can, maganarsu ɗaya ce duk ƙasar da ka tambaya: wurin da baƙi suke cika su ba sa zuwa sai in baƙo ne ya ja su kuma shi zai biya. Ba wai abincin ba ya ciwuwa ba ne, a'a, kuɗin da kake biya yawancinsa ba na abinci ba ne, na haya ne. Duk ɗan Kwari ya san bambancin hayar shagon bakin layi da na can cikin lungu, kuma ya san a wuyan wa ake ɗora kuɗin hayar. Ƙari a kan haka mai gidan abincin ya san gobe ba zai sake ganinka ba, to me zai sa ya wahalar da kansa wajen faranta maka. Wanda yake dafa wa direbobi da ma'aikatan unguwa kullum shi ne yake tsoron kar su gudu.

Ba zan kawo farashi ba don kuɗin Turkiyya da na Masar ba sa tsayawa wuri ɗaya, abin da wani ya ci bara ba shi za ka ci bana ba. Riyal da dirhami su ne a ɗaure da dala, dala ɗaya riyal 3.75, dirhami kuma wajen 3.67, sai lissafi ya zo maka da sauƙi.

Mu fara da Makka tunda nan ne mafi yawanmu suke zuwa. Zaɓi na farko shi ne benen agogon nan, Abraj Al Bait, da sauran manyan kantuna da suke fuskantar Harami. Komai akwai, ga sanyi ga tsafta, kana gama ci ka sauko ka shiga sahu. Tsadar kuma tana nan daram, ga harajin kashi 15 cikin ɗari da Saudiyya ta koma tun watan Yulin 2020. Amma fa ni ban ce kowa ya guje shi ba. In kana tare da Hajiya tsohuwa mai ciwon gwiwa ko kana tura Baba a keke, kar ka ja su tafiyar rabin awa cikin rana don a rage riyal goma, wannan ba tattali ba ne, rashin tausayi ne. A nan kuɗin kusancin kake saya kuma ya cancanta. Abin da bai cancanta ba shi ne saurayi da ƙafarsa lafiya lau ya mayar da wurin kicin ɗinsa safe da rana da dare.

In ka bi titin Ibrahim Khalil ka nausa wajen Misfala, kana nisa da Harami farashi yana sauka, har ka isa gidajen shinkafar bukhari da mandi na 'yan Afganistan da 'yan Yaman da gidajen biryani na 'yan Pakistan. Shinkafar da suke zubawa da rabin kaza mutum biyu za su ci su ƙoshi in ba wani acici a ciki, don haka kar kowa ya yi odar nasa, ku fara da ɗaya ku gani. Da safe kuma mazauna gari burodin tamis mai zafi suke saye da ful, wato wake dafaffe da aka dama da mai, su kora da shayi, kuɗi kaɗan kuma ya riƙe ka har Azahar. Aziziyya ma haka, tana da gidajen abinci birjik saboda unguwa ce ta mutane ba ta baƙi kaɗai ba.

Sai Al Baik, gidan soyayyar kazar nan, da danginsa. Shi wannan tun 1974 aka fara shi a Jidda, kuma amfaninsa ga baƙo shi ne farashi a rubuce yake a allo, ba wanda zai kalli rigarka ya ƙara maka. Matsalarsa layi, musamman bayan Isha'i, sai ka ga kamar rabon zakka. Ka je tsakanin Azahar da La'asar ko da hantsi. Sannan soyayyar kaza ce, kwana uku a jere cikinka zai fara yi maka magana.

Wanda kuma ya ce shi dai sai tuwo, to akwai shi. Hausawa sun daɗe a Makka, wajen Shara Mansur za ka samu tuwo da miyar kuka da masa da tsire, a Madina da Jidda ma akwai masu yi. Gaskiya in ka kwana biyu kana cin shinkafar Larabawa ka ci karo da tuwon nan sai ka ji kamar ka yi kuka. Sai dai a nan ma ana kama baƙo, don wasu suna jin Hausarka ta sabon zuwa farashi ya canza, ka tambayi nawa ne kafin a zuba. Na biyu kuma wanda ake yawo da shi a kula ana sayarwa a ƙofar masauki, ba ka san ƙarfe nawa aka dafa ba, ga zafin ƙasar, miya ba ta jimawa. Ka sayi wanda yake tururi a gabanka, ko wanda wani mazaunin gari ya ce maka ga wance can ita muke saya wa. Mai zuwa Hajji ta hukumar alhazai shi an riga an lissafa masa abinci a cikin kuɗin kujera, wannan maganar ta fi shafar 'yan Umara. In kuma azumi ne, buɗa-baki a Harami da Masallacin Annabi kyauta ake shimfiɗawa, sai ka ajiye kuɗinka don sahur.

Abincin otal, bufe ɗin nan da ejan zai ce maka a ƙara kaza a haɗa da ci sau uku, ka yi tunani tukuna. Karin kumallo yana da amfani in kuna da yara. Na rana da na dare kuwa yawanci lokacinsu yana cin karo da sallah ko da fita kasuwa, ka biya kuɗin ci uku ka ci ɗaya.

Istanbul ita ce ta fi ko'ina iya wannan sana'ar ta tatsar baƙi, masu zuwa Laleli saro kaya sun san haka. Yankin Sultanahmet inda Hagia Sophia da Shuɗin Masallaci suke, da titin Istiklal, da gidajen kifin da suke ƙarƙashin gadar Galata da na Kumkapi, duk akwai masu tsayawa a ƙofa suna kiranka, wani har ya koyi sallama da yarenka. Mazauna garin suna cewa duk gidan da sai an tsaya an janyo ka da hannu, ka wuce kawai. Dabarunsu sanannu ne: kana zama a jera maka ƙananan kwanuka da burodi da ruwan gora ba ka ce a kawo ba, ka ɗauka karamci ne irin namu, a ƙarshe duk ka gan su a bil. Kifi kuma a ce maka farashin kilo ne, a ɗauko ƙato a gasa, sai an gama ka ji nauyinsa. Ka sa a auna a gabanka a faɗa maka jimillar kuɗin kafin ya hau wuta, abin da ba ka nema ba kuma ka ce a ɗauke tun kafin ka taɓa. Tun farkon 2024 doka ta wajabta wa gidajen abinci a Turkiyya su kafa takardar farashi a ƙofa da kan tebur, in ba ka gani ba ka san akwai lauje cikin naɗi.

Su 'yan gari inda suke ci ana ce masa esnaf lokantasi, gidan abincin 'yan kasuwa da masu sana'a. Abincin yana jere a bayan gilashi, ka ɗauki tire ka nuna da yatsa, miyar adas (wani ƙaramin wake), wake da shinkafa, nama da kayan lambu, ba ka buƙatar jin Turkanci ko kalma ɗaya. Suna nan da yawa a lungunan Aksaray da Fatih da bayan babbar kasuwa, da rana suka fi ci, zuwa yamma abin kirki ya ƙare. Wani amfanin kuma da ba a cika faɗa ba, irin waɗannan wuraren galibi ba a sayar da giya, saɓanin gidajen kifin baƙi da za ka zauna da iyalinka teburin gefe ana ta kwankwaɗa. Su kuma masu son zuwa wurin mai yayyafa gishirin nan na Nusr-Et don a ɗauki bidiyo a saka a Instagram, to wannan ba yaudararka aka yi ba, ka san abin da ka je saye, nama dai nama ne.

A Alƙahira ɗalibanmu na Azhar dariya suke yi in baƙo ya ce ya ci abinci a Khan Khalili ko a gindin dalar Giza. Shayi ɗaya a tsohon gidan shayin Fishawi don ka ce ka zauna a wurin, ba laifi. Abinci kuwa ka lura da ƙananan rubutun ƙasan takarda: manyan gidajen abinci suna ɗora kashi 12 na hidima sannan harajin kashi 14, abin da ka lissafa fam dubu sai ya haura dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, kuma ma'aikaci yana jiran nasa bakshish, wato ɗan ihsani, daban. Kushari shi ne mafitar, shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa da miyar tumatir, mai cika ciki, ga ful da ɗa'amiyya, wato ƙosansu, a burodi da safe. A Madinat Nasr, musamman Hayyul Ashir, akwai 'yan Afirka da yawa da abincin da ya fi kusa da bakinmu. Kuma direban tasi ko ɗan rakiya da ya dage sai ya kai ka wani wuri wai na abokinsa, kamasho yake karɓa, daga aljihunka zai fito.

Dubai ba a ɓoye maka komai, tsadar ce kawai a fili. Teburin da yake kallon ruwan da ke rawa a gaban Dubai Mall kuɗin kallo ne, wasu ma suna da mafi ƙarancin abin da za ka kashe kafin ka zauna a waje. A gidajen abincin manyan otal akwai kashi 10 na hidima da kashi 7 na hukumar birni ban da harajin kashi 5, ka duba ko an riga an saka a farashin. Abincin daren jirgin ruwa da na yawon sahara, ka saya don yawon, abincin ba wani abu ba ne. Ci na gaskiya yana Deira da Naif da Karama da Satwa, ƙananan kafteriya na Indiyawa da 'yan Pakistan, farata da shayin karak da biryani da shawarma. Gidajen abincin 'yan Najeriya na Deira suna da daɗi amma ba su da araha, kayan miyan jirgi ne ya kai su. Guangzhou kuwa damuwar ba tsada ba ce, halal ce, ka tsaya wajen Xiaobei ko gidajen taliyar Musulmin Lanzhou.

Araha ba ta ado, wannan gaskiya ne, don haka kar ka ce tunda lungu ne komai ma ci. Ka duba ko akwai 'yan gari a zaune, ko abincin yana ƙarewa ana sake zubawa, ka leƙa wajen wanke hannu. A Google Maps kar taurari su ruɗe ka, ka karanta na waɗanda suka ba da tauraro ɗaya da biyu, in mutum biyar duk sun ce an ƙara musu kuɗi a bil ka san ba sharri ba ne. Mafi sauƙi ma, da ɗan gari akan ci gari, kafin ka bar Kano ka nemi wani ɗalibi ko ɗan unguwarku da yake can ya turo maka lokeshan na wurare biyu uku da shi kansa yake ci, ka ce masa inda yake ci ranar da ba shi da kuɗi kake so, don in ka ce masa wuri mai kyau zai tura ka inda yake ganin ya dace da Alhaji.

Guzuri ma yana rage kashe kuɗi sosai, yaji da garin kwaki da ƙuli da kayan shayi, sai ka sayi burodi da madara da 'ya'yan itace a babban kanti irin Bin Dawood. Kilishi da dambun nama ka tambayi dokar ƙasar tukuna don ana iya ƙwacewa a filin jirgi. Goro kuwa in Saudiyya za ka, kar ma ka fara, hukumar alhazai duk shekara sai ta yi gargaɗi a kansa.