Futar nan mai sifirin da na saya, ga yadda muka kwashe da ita

Wallahi da a satin farko aka tambaye ni da cewa zan yi kar wacce ta kuskura ta sayi futar nan (futa ita ce 'yar ƙafar keken ɗinki da ke danne yadi a ƙarƙashin allura). Na fi shekara 10 ina ɗinki amma ban taɓa raina kaina a gaban keke irin na lokacin ba.

A YouTube na ga turawa suna ɗinka bargo, yadi sama yadi ƙasa faiba a tsakiya, suna ta zana fulawa da allura kamar da biro, kwiltin suke ce masa. Ƙanwata na da tsohon ciki, na ce bari in haɗa ƙyallayen atamfa in yi wa jariri. Na yi odar futar da ake wannan aikin da ita wajen wata mai sai da kayan ɗinki, ta aiko min a 'yar leda ba takarda ba bayani, da na yi magana wai "Hajiya ɗaurawa kawai za ki yi". Ɗaurawa kawai fa! Ashe ɗan ƙarfen da ya fito ta gefe sai ya hau saman sukurun da ke riƙe allura sannan futar ke tsalle tare da ita, ni ko na sa shi a ƙasa, allura 4 na karya kafin azahar.

Wannan duk wasa ne. Ita futar ko an sauke ta ba ta danne yadi sosai, to sai na manta ban sauke hannun bayan keke da ke ɗaga futa da sauke ta ba, kuma in bai sauka ba zaren sama sakaka yake ba tenshin. Ina ta murna sama ya yi kyau har na ɗauki hoto na tura wa mai jego, sai da na ci rabin bargon na juya bayansa, innalillahi, zare ya cukurkuɗe kamar gashin da ya shekara bai ga mataji ba. Saura kwana 2 suna. Na zauna da reza ina warwara ina ƙwalla har na tsarge atamfar waje biyu, maigida ya ce wai in sayi na kanti mana in huta, ko kallonsa ban yi ba. Hannu rabbana na je sunan.

Amma tsakani da Allah abin na aiki. Da na huce na koma kan tsumma, na sauke haƙoran keke masu jan yadi (in naki ba ya sauka ki rufe su da kati), tsawon ɗinki na mai da 0, allura lamba 14. Ke ce mai jan yadin yanzu, in hannu ya riga ƙafa ɗinkin ya yi wara-wara, in ƙafa ta riga ya taru waje ɗaya. A wajen lanƙwasa ne na fi shan wuya. Wajen sati 3 sai ga shi hannuna ya faɗa, har ganye nake zanawa, kafaɗa dai na ciwo don cusa bargo a ɗan wuyan keken gida aiki ne. Bargon ya isa ranar arba'in kuma kowa sai ya shafa.

Sai dai robar bakin futar har ta fara tsagewa wata 2 kacal, na tura wa matar hoto ta buɗe ta yi shiru. Mai bakin ƙarfe zan nema, kuma ba wajenta ba.