Dattijon da ya gyara min kafiretar 504 a Kano

Jama'a duk mai tsohuwar mota mai kafireta, wato abin da ke gauraya fetur da iska ya tura wa injin, ya tsaya ya ji wannan. Motata Fijo 504 ce haɗin Kaduna, irin waɗanda kamfanin Fijo na Najeriya wato PAN ya fara haɗawa tun 1975, gadon mahaifina ce Allah ya jiƙansa, shi ya sa ko an ce in sayar ba na iyawa. To tun bara ta fara ba ni wahala, da safe sai na yi ta murza ki kafin ta tashi, in ta tashi kuma silo, wato jujjuyawar injin in ba a taka totur ba, ba ya zama, ina sakin totur a danja sai ta mutu, ga baƙin hayaƙi a salansa ga warin fetur har cikin mota, kuma kun san tunda aka cire tallafi a 2023 mota mai shan mai ba ƙaramar masifa ba ce a aljihu.

Gareji biyu na kai ta kafin nan. Duk abu ɗaya suka yi, a cire iya kilina wato matatar iska a fesa fetur a murɗa sukuru ɗaya a ce oga an gama, kwana uku ta koma gidan jiya. Na biyun ma cewa ya yi in jefar da kafiretar in sayo sabuwa.

Wani direban tasha ne ya kwatanta min wani dattijo a wajen Ƙofar Ruwa wanda ba ya taɓa komai sai kafireta. Rumfa ce ƴar ƙarama da benci ɗaya da tire na silba. Na gaishe shi na fara bayani ya ce ɗana tayar da ita tukuna in ji. Ya saurara kamar minti ɗaya, ya kwance fulogi ɗaya ya nuna min, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya ce mai ya fi iska yawa, bar min ita zuwa jibi.

Ban tafi ba, na zauna ina kallo kuma wallahi na ƙaru. Ya sauke kafiretar gaba ɗaya, ƙirar kamfanin Solex ce ta asali, ya warware ta ɗaya bayan ɗaya yana jera kayan a tire yadda ya ciro su. Da ya buɗe kofin da mai ke taruwa sai ga jan laka a ƙasa, tsatsar tanki ce da ƙurar hunturu ta shekaru. Sai ya ɗauko fulot ɗin, wato ɗan abin da ke yawo a saman man cikin kofin, ya kai kunnena ya girgiza, na ji fetur na motsi a ciki, ashe ya huje ya cika ya nutse, shi ya sa allurar da ke tsayar da mai ba ta rufewa mai yake ta ambaliya cikin injin. Ita ma allurar bakinta ya ci har ya yi zobe. Robar famfon totur kuwa ta bushe ta tsage, ita ce ke sa motar ta shaƙe in na taka da sauri.

Abin da ya fi burge ni yadda ya yi da jet, wato ƴan ƙananan ƙarafa masu rami da mai ke bi ta ciki. Yaronsa ya ɗauko waya zai zura a ramin dattijon ya daka masa tsawa, ya ce waya tana faɗaɗa rami, in rami ya faɗaɗa mota ta zama mashayiya har abada. Jiƙa su ya yi ya busa da iskar kwamfuresa, sannan ya ɗaga kowanne sama yana leƙen hasken rana ta ciki. Fakin ma, wato abin da ake sawa a mahaɗar ƙarafa don kada mai ya yi yoyo, bai yarda ya mayar da tsohon ba, kuma bai shafa gam ba, sabo ya sa aka sayo.

Ranar da na koma karɓa bai taɓa sukurun silo ba sai da ya duba kwantak da tayimin, wato abubuwan da ke daidaita lokacin da wuta ke zuwa fulogi, ya bar injin ya yi zafi sosai, sannan ya riƙa murɗawa kaɗan kaɗan kunnensa na kan injin har ƙarar ta daidaita. Ya sa min sabuwar filtar mai, ya ce Alhaji in ba ka wanke tankin nan ba wata shida za ka dawo kuma ba laifina ba ne.

Inda zan rage masa maki, ba shi da sauri ko kaɗan, jibin da ya ce sai da ta zama gata, ba ya ɗaga waya, wurin zama kuma rana ce ke dukanka daga azahar. Kuɗin aikinsa ya ninka na waɗancan biyun kuma ba ya ragi, kayan gyara kai za ka biya daban amma yana ba ka tsofaffin a leda ka gani da idonka. Mai mota injekta, wato wadda ba ta da kafireta, kada ma ya je, ba ya karɓa.

Yau wata biyu ke nan, bugu ɗaya take tashi ko da asuba, na je Zariya na dawo da man da da can ba ya kai ni ya dawo da ni, na kwance fulogi jiya na gan shi ruwan ƙasa. Tankin ma na kai an wanke ranar Asabar.