Sauya Fitilun Gidan Tarihi a Amurka: Wane Rangwame Ya Cancanci a Bi?

Babbar riga mai aska takwas da ke rataye bayan gilashi a gidan tarihi ba ta son haske. Shuni da zaren tsamiya suna koɗewa sannu a hankali, abin da ya koɗe kuma ba ya dawowa. Shi ya sa masu adana kaya ke tsayar da hasken tufafi da takardu, har da rubuce-rubucen ajami, a kan luks 50 (luks shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu), zanen fenti mai mai kuwa ya kan kai wajen 200. Duk wanda zai nemi rangwamen sauya fitilu zuwa LED, wato ƙwayayen fitila masu cin wuta kaɗan, daga nan ya kamata ya fara. A zaɓi ƙwan da kayan ke buƙata tukuna, sannan a nemi wanda zai rage kuɗinsa. In aka juya lamarin, za a tashi da ƙwai mai arha wanda ke mayar da jan zare ruwan ƙasa.

Ribar sauyin ba ta da wuyar lissafi. A ce zaure yana da ƙwai 200 na halojin masu wat 50, aka maye gurbinsu da LED masu wat 8. In suna kunne awa 3,000 a shekara, an rage yunit 25,200 na wuta. Ga zafi ya ragu, na'urar sanyaya ɗaki ta samu sauƙi, ga hawan tsani a kan kayan da ba su da madadi shi ma ya ragu, don halojin ba ya wuce 'yan dubban awoyi.

Ƙofar farko ita ce kamfanin wutar da ke aiko da bil. Wasu kamfanonin suna zuba rangwamen ta hannun dillalan kayan lantarki, sai a cire shi daga farashi a ranar saye, babu cike takarda mai yawa. Wasu kuma sun yanka kuɗi ƙayyadadde a kan kowace fitila, muddin tana cikin jerin kayan da aka amince da su, wanda galibi shi ne na DLC, ƙungiyar da ke tantance fitilu masu tsimin wuta. Waɗannan biyun sun dace da ofisoshi, rumbun ajiya, baranda da wurin ajiye motoci. Sai dai kuɗin ya ragu a kan ƙwai na gama-gari tun da dokar da ta hana sayar da ƙwan da haskensa bai kai lumen 45 a kan kowane wat ba (lumen shi ne ma'aunin hasken da ƙwai ke fitarwa) ta fara aiki gadan-gadan a Agustan 2023, kuma ENERGY STAR, shirin gwamnati mai tantance kayan da ke tsimin wuta, ya daina sa tambarinsa a kan ƙwayayen fitila a ƙarshen 2024. A duba jerin bana, kada a dogara da wanda ɗan kwangila ya buga bara.

Zauren nuni kuwa maganarsa daban ce. A nan ana son ƙwan da ma'aunin fito da launinsa, wato CRI, ya kai 90 ko ya haura, wanda ke fito da ja sosai, mai ɗumin haske wajen kelbin 3,000, wanda kuma ba ya kyafta ido in an rage shi. Irin wannan ƙwai sau da yawa ya fi shan wuta kaɗan, ko kuma ba ya cikin jerin kwata-kwata. A ganina, tsarin da ya fi dacewa da shi shi ne wanda kamfani ke biya gwargwadon yunit ɗin da aikin ya rage, ba bisa sunan fitila ba. Yana da jan rai: sai an kai lissafi, a jira amincewa a rubuce, wani lokaci jami'i ya zo ya ƙirga tsofaffin fitilu da idonsa. Amma yana barin mai adana kaya ya riƙe zaɓinsa, kuma na'urorin da ke rage haske in babu kowa a zaure suna iya shiga lissafin. Waɗannan na'urori, in ka lura, riba biyu ce, don rigar ma tana hutawa daga haske.

Akwai ragin haraji na tarayya mai lamba 179D, wanda ya samo asali daga dokar makamashi ta 2005. Yawancin gidajen tarihi ba sa biyan haraji, to daga 2023 aka ba su damar miƙa ragin ga injiniya ko mai zanen da ya tsara aikin, su kuma su nemi ya sassauta farashi. Sharaɗinsa rage makamashin gini da aƙalla kashi 25 cikin ɗari, abin da sauya ƙwai kaɗai ba kasafai yake kaiwa ba. Dokar Yulin 2025 kuma ta rufe shi ga duk aikin da aka fara bayan 30 ga Yunin 2026. Ƙaramin gida kada ya ɓata lokacinsa a nan.

Tallafin gidauniyoyi ya fi armashi ga wanda bai da gaggawa. Gidauniyar Helen Frankenthaler ta buɗe shirinta na yanayi a 2021 domin gidajen nuna zane-zane, tana ɗaukar nauyin binciken yadda gini ke shan wuta har zuwa aikin kansa. Gasa ce, ba kowa ke samu ba, kuma a tambayi kamfanin wuta tun da wuri ko ya yarda a haɗa rangwamensa da wani tallafi. Don sanin abin da ke akwai a jiharka, rumbun bayanai na DSIRE da Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa ke kula da shi tun 1995 kyauta ne a intanet.

Kafin a sa hannu a kan komai, a karɓi ƙwai biyu ko uku na gwaji, a ɗaura su a kan na'urar rage hasken da ake da ita, a kalli kayan da ido. In tsarin yana buƙatar amincewa, kada a biya ko sisi kafin takardar ta iso, don wasu tsare-tsaren ba sa biyan abin da aka riga aka saya. Tsofaffin fitilun kuma a ɗauki hotonsu a inda suke, a bar su a maƙale har jami'in kamfani ya zo ya gani.