Upscayl: manhajar faɗaɗa ƙaramin hoto kyauta, da iyakar abin da za ta iya

Masu shagon buga fosta da kalandar biki sun saba da wannan: kwastoma ya turo hoton da ya sauke daga Facebook, faɗinsa fiksel 600, tsayinsa 400, ya ce a buga masa ya cika takardar A4. Lissafi ba ya yarda. Bugu mai kaifi yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato A4 na buƙatar fiksel 2480 sau 3508, alhali wannan hoton iyakarsa santimita 5 a kwance da kusan 3 da rabi a tsaye. In aka ja shi da ƙarfi a manhajar zane ta CorelDRAW sai ya dushe, gefunansa su zama matakala.

Upscayl manhajar kwamfuta ce da aka yi don wannan matsala. Ta fito a 2022, kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da macOS, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar intanet. Wannan kaɗai ya fifita ta a kan shafukan da ke karɓar hoto su faɗaɗa, domin babu cin data, babu iyakar hotuna a rana, kuma hoton amaryar mutane bai bar kwamfutarka ba. Abin da ke aiki a cikinta shi ne Real-ESRGAN, fasahar da masu bincike na kamfanin Tencent suka fitar a 2021. An koya mata da hotuna masu kyau waɗanda aka lalata da gangan, har ta iya hasashen yadda lalatacce yake kafin ya lalace.

Amfani da ita mataki huɗu ne: a zaɓi hoto, a zaɓi samfuri (wato salon faɗaɗawar da ya dace da irin hoton), a nuna foldar ajiya, a danna maɓallin farawa. Tana da layin da ake ja dama da hagu don kwatanta tsohon da sabon. Ninki huɗu shi ne asalin aikin yawancin samfuranta, don haka hoton 600 sau 400 zai koma 2400 sau 1600, wanda zai bugu da kyau a kusan santimita 20 da 13 da rabi. Bai cika A4 ba a ɗigo 300, amma a ɗigo 200 ya kusa kaiwa, kuma ido ba zai koka ba in fosta ce ta bango.

Sai dai a lura da abin da ya faru. Hoton farko fiksel 240,000 ne, na biyu 3,840,000. Kenan cikin kowane fiksel 16, guda 15 manhajar ce ta ƙirƙiro su. Maganar "faɗaɗawa ba tare da asarar inganci ba" da ake yawan yi ba daidai take ba. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba, ba ya dawowa, hasashe ne ake cike gurbinsa da shi. Ingancin Upscayl ya dogara ne da ko hasashen ya dace da gaskiya.

Inda ya fi dacewa shi ne zanen kwamfuta, katun, hoton kaya irin su takalmi, kwalbar turare ko wayar hannu, da gine-gine masu miƙaƙƙun layuka. Samfurin Digital Art yana share ƙazantar JPEG, wato murabba'an fiksel 8 sau 8 da ke fitowa a gefen rubutu da launi, ya bar layi sumul. A nan sakamakonta yana gogayya da na manhajojin kuɗi.

A fuskar mutum ne ake samun matsala. In fuska ta cika hoton, sakamakon yakan yi kyau, ko da yake fata takan yi santsi fiye da kima kamar an shafa mata hoda mai yawa. In kuwa hoton taro ne, kowace fuska ba ta wuce fiksel 30 ko 40 ba, idanu sukan karkace, haƙora su haɗe, mutum ya fito da kamannin da ba nasa ba. Tsagar gado a kumatu manhajar na iya ɗaukarta a matsayin datti ta goge. Aikin hula, surfanin babbar riga da ƙananan furannin leshi su ma sukan rikiɗe zuwa wani zane da maɗinki bai taɓa yi ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tallan kaya, domin mai saye zai zo neman abin da ya gani. Ƙaramin rubutu shi ya fi shan wahala: lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ takan ɓace, ɗigon ajami ya ƙaura ko ya narke. Kada a dogara da ita wajen karanta lambar mota, rasit ko takardar shaida. Rubutu a sake buga shi, tambari kuma a mayar da shi zanen layi da PowerTRACE na CorelDRAW ko Trace Bitmap na Inkscape, wanda zai faɗaɗa ko nawa ne ba tare da ya fashe ba. Hoton da hannu ya girgiza ko wanda kyamara ba ta saita ba kuma, masu manhajar da kansu sun faɗa cewa ba gyaransa take yi ba.

Akwai zaɓin Double Upscayl da ke maimaita aikin sau biyu, ninki huɗu ya zama sha shida. Da wuya a buƙace shi. Zagaye na biyu yana gini ne a kan kuskuren na farko, fayil ya kumbura, lokaci ya tafi. Bana, wato babban ƙyallen talla, da ake kallo daga nesa ba ta buƙatar ɗigo 300, ɗigo 72 zuwa 100 sun wadatar.

Babban cikas shi ne kwamfuta. Upscayl na buƙatar katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hotuna, mai goyon bayan Vulkan, fasahar da manhajar ke aiki da katin ta hanyarta. Katunan Nvidia da AMD na shekarun baya-bayan nan suna gama ƙaramin hoto cikin daƙiƙoƙi. Tsofaffin laftof na hannu waɗanda katin hotonsu ke haɗe da firosesa kuwa, wasu sukan ɗauki mintuna, wasu su fitar da baƙin hoto, wasu su ƙi gaba ɗaya. In haka ta faru, a fara sabunta direban katin, wato manhajar da ke tafiyar da shi. In bai yi ba, a shiga saituna a rage Tile Size, domin manhajar gunduwa-gunduwa take yanka hoto, kuma ƙaramar gunduwa ba ta cika ƙwaƙwalwar kati. Laftof mai kati biyu kuma a nuna mata mai ƙarfin ta GPU ID. A jona caja, don aikin yana shan batir sosai.

Kafin a buɗe Upscayl ma, a nemi babban kwafin hoton. Shafin neman hoto na TinEye yana da zaɓin jera sakamako daga mafi girma, Google Lens ma yakan kai mutum ga tushe. In daga waya hoton ya fito, a roƙi mai shi ya sake turowa a matsayin fayil, domin turawa ta al'ada a WhatsApp tana matse hoto tana rage girmansa. Kada a ƙara kaifi kafin faɗaɗawa, dattin ne zai ƙaru. A ajiye sakamako a PNG, sai an gama gyara a mayar JPEG sau ɗaya.

Gigapixel na kamfanin Topaz ya fi Upscayl iya fuska, amma na kuɗi ne, kuma shi ma hasashe yake yi. Super Resolution da Adobe ya ƙara a 2021 ninki biyu kawai yake yi, bai cika ƙirƙira ba, shi ya sa ya fi aminci a hoton mutane. Ga mai ƙaramin shago da ke da kati mai kyau, Upscayl ta isa yawancin aikin kaya da zane. Sai dai ya duba lasisin samfuri kafin ya karɓi kuɗi: Remacri da Ultramix da Ultrasharp an yi musu alamar ba na kasuwanci ba, don haka aikin kwastoma a yi shi da samfurin da ba shi da wannan alama.