Katolika ko Cocin Ingila: wace sakandare za ki sa wa yarinyar a fom?

Wata 'yar'uwa ta tambaya: "Salama. Shekararmu biyu a Ingila, daga Jos muka zo, 'yan ECWA ne mu. Yarinyata ta shiga aji shida. Kusa da mu akwai sakandaren Katolika, akwai kuma ta Cocin Ingila, duka biyun ba a biyan kuɗin makaranta. Wacce zan nema mata, kuma ta ina ake farawa?"

Salama, Maman yara. Ki sa ta Cocin Ingila a farko. Ba wai ta fi ɗayar iya koyarwa ba, don wannan sai kin karanta rahoton Ofsted, hukumar duba makarantu, na kowacce, kin kuma je ranar da suke buɗe wa iyaye ƙofa kin gani da idonki. Maganar takarda ce. Katolika takardar baftismar yaro suke fara tambaya, Cocin Ingila kuwa, wato Angilikan, galibi abin da suke son sani shi ne ko kuna zuwa sujada, sau nawa, tun yaushe. Ke kuma ta biyun ce a hannunki.

Kafin mu shiga kwatancen, ki riƙe cewa fom biyu ne. Na farko na ƙaramar hukumar da kike zaune ne, ana cikawa ta intanet, ana buɗewa a farkon Satumba, a rufe ranar 31 ga Oktoba. Ko da makarantar tana cikin wata ƙaramar hukuma dabam, ta hannun taku za ki nema. Za a ba ki gurbin zaɓi aƙalla uku, a Landan shida. Na biyu shi ne fom ɗin addini, wanda makarantu ke kira SIF. Daga shafin makarantar ake sauke shi, limamin coci ya sa hannu, a mai da shi ofishin makarantar kai tsaye. Yawanci ranar rufewarsu ɗaya da na farko, amma ki duba. Wanda ya cika na farko ya bar na biyu, za a jefa ɗansa a rukunin ƙarshe na "sauran yara", ko da shi ne mai kaɗa ƙararrawar coci. Wanda ya cika na biyu ya bar na farko kuwa, a wajen hukuma bai nema ba sam.

Kowace makaranta tana da takardar ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai. Doka ta ce ta kammala ta kafin ƙarshen Fabrairu, ta kuma ɗora a shafinta zuwa 15 ga Maris na shekarar da ta gabaci shekarar shiga. Ki tabbata ta shekarar da yarinyarki za ta shiga aji bakwai, wato ajin farko na sakandare, kika sauke, don ana sauya ƙa'idojin, kuma tsofaffin kan daɗe a shafi. A ciki za ki ga yawan kujerun aji bakwai da tsanin fifiko. Tsanin nan ba ya aiki sai masu nema sun fi kujeru yawa. Idan makarantar ba ta cika ba, dole ta ɗauki duk wanda ya nema, ko wane addini yake yi. Sai dai makarantar da ake ta yabo a unguwa har kika ji sunanta, da wuya a ce ba ta cika ba.

Tsanin Katolika kusan iri ɗaya ne ko'ina, domin dayosis ce ke ba su samfur. A sama akwai yaran Katolika da ke hannun hukuma ko waɗanda suka taɓa zama a hannunta. Sai yaran Katolika masu takardar baftisma, a wasu dayosis har da wata shaidar da Fada ke sa wa hannu cewa iyalin na zuwa Mas, wani lokaci a ƙara fifita 'yan firamarensu. Sai sauran yaran da ke hannun hukuma, sai masu koyon shiga Katolika da 'yan cocin Otodoks, sannan a zo kan sauran Kirista da wasiƙar fastonsu. Nan yarinyarki take, kusan mataki na biyar. A garin da 'yan Poland, 'yan Ireland, 'yan Kerala da 'yan'uwanmu Ibo suka yi yawa, kujeru kan ƙare tun a mataki na biyu. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: a ECWA ba a yi wa jarirai baftisma, miƙa su ake yi, sai yaro ya girma ya ba da gaskiya da bakinsa. Takardar miƙa yaro ba ta tsaya a madadin takardar baftisma ba, kuma ko baftismar ce aka yi a ECWA, ba ta mai da yaro ɗan Katolika a tsanin nan. Makarantun nasu suna da tsari da ladabi, ba a musu, amma 'ya'yansu suka gina wa.

Cocin Ingila kuwa ta ɗauki kanta cocin kowa da ke zaune a unguwa, shi ya sa ƙofarta ta fi faɗi. Sakandarenta ba su kai na Katolika yawa ba, kimanin 200 ne, na Katolika sun haura 300, don haka samun ɗaya kusa da gida ma sa'a ce. Wasu daga ciki ba sa tambayar addini ko kaɗan, ƙaramar hukuma ce ke raba kujerun da ƙa'idarta ta nisan gida da 'yan'uwa. Da yawa kuma suna raba kujerun gida biyu: kason masu zuwa coci da kason kowa da kowa. A irin wannan yarinyar tana iya samun ƙofa biyu, idan ta coci ta rufe a duba ta a ta nisan gida. Ki karanta ki ga ko sai kin yi alamar neman duka biyun a fom.

A kason coci, abin da ake aunawa shi ne zuwa sujada. Wata makarantar za ta ce sau biyu a wata har shekara biyu kafin ranar rufe fom, wata ta ce kowane mako na shekara guda. Wata zuwan yaro take ƙirgawa, wata na uwa ko uba, wata duka. Ki lura da wannan sosai idan aikin kula da tsofaffi ko na asibiti kike yi kuma Lahadi na yawan faɗowa a cikin aikinki: idan zuwan mahaifi ɗaya ya isa, Baban yara zai iya riƙe wannan. Wasu takardun sun yarda da sujadar tsakiyar mako. A majami'un da ke kusa da makarantar da ake rububi, akwai littafi a bakin ƙofa da biro ɗaure da zare, iyaye na sa hannu kowace Lahadi. Idan Oktoba ta kama, bayan an tashi sujada za ki ga layi wajen teburin shayi, kowa da fom a leda, Rabaran yana buɗe littafin yana bin sunaye da yatsa kafin ya sa hannu. Wanda ya saba ganinsa kowane mako, har ya tambaye shi ina ƙaramin mai guje-guje tsakanin kujeru. Wanda bai taɓa sa hannu a littafin ba, ko shekara uku yake zuwa yana zama a kujerar baya, sai ka ga Rabaran yana sosa kai, don abin da ke rubuce kaɗai zai iya tabbatarwa.

Ba dole ne cocinku ta zama Angilikan ba, amma a nan mutanenmu suka fi tuntuɓe. Yawanci 'yan Angilikan ne a sama, sai "sauran cocin Kirista", kuma takardar tana fassara abin da take nufi da hakan. Sau da yawa tana nufin cocin da ke cikin ƙungiyar Churches Together in England ko Evangelical Alliance. Baftis da Methodist suna cikin ta farko, Redeemed ma haka. Zumuntar da muke yi a falon wani ranar Lahadi da yamma, mu rera waƙoƙin Hausa mu ci tuwo, tana da daɗi, amma ba ta cikin kowane jeri, kuma sa hannun shugabanta ba zai wuce ofishin makaranta ba. Ki tambayi fastonku kai tsaye wace ƙungiya cocin take ciki, ki nemi shaida a rubuce. Idan kuma tun zuwanku a cocin Angilikan na unguwa kuke sujada, to kin riga kin hau matakin sama ba ki sani ba, sai dai in makarantar na daga cikin masu ƙara neman baftisma.

Shekara biyun da kuka yi tana iya cikawa daidai, tana iya gazawa da wata ɗaya ko biyu, musamman idan kun ɗan yi yawon neman coci da kuka sauka. Makarantu da yawa suna yarda a haɗa da zuwan cocin da aka baro, amma sai limamin can ya cika nasa fom ko ya rubuto wasiƙa. Ki sa faston da kuka baro a Jos ya rubuta a takardar coci mai tambari, da hatimi da lambar waya, ya faɗi daga wane wata zuwa wane wata, kuma sau nawa a wata. "Membobinmu ne masu aminci" ba ta isa ba, adadi suke nema. Ki kira ofishin makarantar tun Satumba ki ji ko suna karɓar hoton wasiƙar ko sai ta asali, don aike daga gida ba ya zuwa ranar da aka ce.

A cikin kowane mataki, nisan gida ne ke raba gardama. Wasu a miƙe suke aunawa daga gida zuwa ƙofar makaranta, wasu ta hanyar ƙafa. Ƙaramar hukuma na wallafa yadda aka raba kujerun bara: matakin da aka tsaya, da nisan yaron ƙarshe da aka ɗauka. Wannan shafin ya fi duk wata jita-jitar unguwa amfani. Idan kika ga Katolika ta kai har matakin sauran Kirista a shekarun baya, to akwai rai. Idan a mataki na biyu take tsayawa kullum, kin san inda kika tsaya. Shaidar adireshi kuma, takardar harajin gida da ta haya su ne kan gaba. Wasu ƙananan hukumomi na tambayar wasiƙar kuɗin tallafin yara, wanda masu bizar aiki ba sa karɓa; ki faɗa musu haka, za su gaya miki abin da zai maye gurbinta.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da 'yan damfara. Duk Satumba sai an samu mai cewa ya san wani a ofishin makaranta, ko zai samo miki sa hannun limami, ko zai ara miki adireshin da ke kusa da makarantar a kan wasu fam ɗari. Babu mai sayar da kujera a makarantar gwamnati. Fom kyauta ne, doka ta hana karɓar kuɗin nema, ta hana yi wa yaro ko iyaye intabiyu, ta hana tambayar aikinki ko albashinki. Adireshin aro kuwa ana bin diddiginsa da bayanan harajin gida da na firamaren yaro, kuma idan aka gano ƙarya ana iya janye gurbin ko bayan yarinya ta fara zuwa da sabon yunifom. Mai zaune a kan biza ba shi da haɗi da takardar ƙarya kowace iri. Gudummawar ginin da wasu makarantun coci ke roƙo, bayan an shiga ne, kuma ta ganin dama ce.

Sakamako na fitowa ranar 1 ga Maris, ko ranar aiki ta gaba idan ta faɗa ƙarshen mako. Makarantu ba sa ganin lambar da kika ba su a fom. Kowacce tana jera yara da tsaninta, sannan ƙaramar hukuma ta ba ki mafi sama a cikin waɗanda suka iya ɗaukar yarinyar. Saboda haka sa Katolika a fom ba ya rage miki komai a wajen ɗayar. Abin da ke cutarwa shi ne rubuta makaranta ɗaya tak da tunanin dole su ba ki ita. Ba dole ba ne, sai su tura ta inda kujera ta rage, wataƙila mota biyu daga gida.

Idan ba a samu ta farko ba, ki karɓi wadda aka bayar tukuna, karɓar ba ta hana komai. Ki tabbata sunanta na jerin 'yan jira, wanda ake riƙewa aƙalla zuwa 31 ga Disamba. Da tsanin fifiko ake jera shi, ba da wanda ya riga zuwa ba, don haka lambarki na iya hawa, tana iya sauka. Kina kuma da damar ɗaukaka ƙara gaban kwamiti mai zaman kansa, ana ba da aƙalla kwana 20 na makaranta a shigar. Hujja mafi ƙarfi ita ce an sa yarinyar a matakin da ba nata ba, shi ya sa za ki ajiye kwafin SIF ɗin da kika kai, ki kuma karɓi shaidar sun karɓa, da kwanan wata a jiki.

Bayan an shiga ma akwai ɗan bambanci. A Katolika kashi 10 cikin 100 na lokacin darasi na ilimin addini ne, akasarinsa bisa koyarwarsu, akwai Mas a ranakun bukukuwa, kuma yarinyar da ba 'yar Katolika ba ba za ta karɓi jibi ba, sai dai a sa mata albarka. A ta Cocin Ingila addu'ar safe da karatun Littafi Mai Tsarki sun fi kusa da abin da ta saba a gida.

Ga yadda za ki jera: Cocin Ingila lamba ɗaya, Katolika lamba biyu, sai makarantar unguwa mafi kusa da gidanku a gurbin ƙarshe, ko ba ta coci ba ce, kada ki bar gurbi ko ɗaya fanko. Ki duba ko ɗaya daga ciki na yin jarrabawar raba yara rukuni-rukuni, don rajistarta kan rufe kafin 31 ga Oktoba. Lahadin nan ki tafi da fom ɗin coci, ki tare fasto kafin layi ya yi tsawo.