Takardar ƙarƙashin aiki: mai yagewa ko ta yankewa?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya. Yana da keken aiki na kwamfuta, kuma takarda iri ɗaya yake sa wa kowane yadi a ƙarƙashi don ta tallafi ɗinkin. Shadda tana fita lafiya lau, amma rigunan makaranta masu kwala da ya buga wa bajo sun tattare da aka wanke su. In ya shiga Babbar Kasuwar Sakkwato, wacce zai saya?

Malam, kafin ka dubi takarda, kama yadin da hannu biyu ka ja. In ya tsaya cik, irin shadda, yadin maza ko atamfa, to zarensa a tsaye da a gicciye aka saƙa shi, kuma shi da kansa yana iya riƙe ɗinki. Tallafi kawai yake nema a lokacin da allura ke sukarsa sau 700 ko 800 a minti ɗaya. Wannan aikin takarda mai yagewa ne. Ana gamawa sai ka danne ɗinkin da babban yatsa, ka yage ta sannu a hankali, bayan rigar ya fito tsaf. Ga araha ga sauri, musamman in kaftani ya taru maka ana jibi Sallah.

Rigar makaranta da jesi kuwa saƙarsu madauki ne cikin madauki, suna talewa ta ko'ina. Mai yagewa, allura ta riga ta huhhuda ta tun a kan keke. Wanki ɗaya ko biyu ta rududduge, sai bajo ya rage da dubban ɗinki a kan yadin da ba zai iya ɗaukarsu ba. Tattarewar da ka gani ke nan, kekenka bai yi laifin komai ba. Ta yankewa ba ta yaguwa, tana nan a bayan aikin har rigar ta tsufa. Ka ɗaga ta sama, yadin na fuskantarka don kada almakashi ya ci riga, ka yanke ka bar kamar rabin santimita kewaye da ɗinkin, ka kuma zagaye kusurwoyin.

Ita ma tana da nata aibin, kuma a garin nan ba ƙarami ba ne. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Ka manna wa yaro takarda mai kauri a ƙirji, gumi ya jiƙa ta, ƙaiƙayi zai hana shi sakat, ga inuwarta tana fitowa a farar riga. Ni a kan kayan yara na fi son ta yankewa maras kaurin nan mai kama da raga. In bajon cike yake da zare, sai in ninka ta biyu, ɗaya a gicciye kan ɗaya.

Haka in aikin wuya mai nauyi ne a kan boyel: masu yagewa biyu masu matsakaicin kauri, ka yage su ɗaya bayan ɗaya, sun fi guda ɗaya mai tauri da za ka fizga ta ja ɗinkin.

Mai gam da ake mannawa da dutsen guga tana ƙara wa yadi jiki ne kawai, ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikin biyun. Jarida kuwa, a bar wa masu keken zigzag da suka saba da ita. Tana dakushe allura, tana tara ƙura a gidan bobin, kuma tawadarta na iya shafar farar shadda. Akwai kuma mai narkewa a ruwa, wadda ake shimfiɗawa a saman tawul don kada zare ya nutse. Ita a leda a ɗaure ake ajiye ta, don hunturu yana busar da ita ta riƙa karyewa, laimar Agusta kuma ta sa ta danƙo.

Saboda haka duka biyun za ka saya. In ka zo sa rigar makaranta a firam, wato zoben da ke riƙe yadi a kan keke, takardar ce za ta ɗaure tamau, rigar ta kwanta a kanta yadda take, ban da ja. In ka miƙe rigar, kana cirewa za ta koma ta tattare ko da wace takarda ka sa. Ka kuma canja allura zuwa mai dunƙulallen baki, lamba 75/11, don mai tsini tana tsinka madaukin saƙar.